Bidiyon nan na harin 11 ga Satumba: na kalla, ga abin da na gani

  

Mako uku da suka wuce, bayan sallar lisha, wasu samari cikin ɗalibanmu na karatun dare suka tare Liman a bakin ƙofa. Suna so kwamiti ya ba su izini su kafa majigi a harabar masallaci daren Juma'a, su haska wa jama'a wani bidiyo da ke yawo a WhatsApp, wai yana buɗe ido. Liman ba ya yanke hukunci kan abin da bai gani ba, sai ya juyo ya ce mini, "Malam, kai da ke da haƙurin zama gaban waya, duba mana shi." Na kalla sau biyu, na biyun da biro da takarda a hannu. Na riga na faɗa wa kwamiti ra'ayina, amma samarin sun cancanci su ji dalili dalla-dalla, shi ya sa na rubuta a nan.

Bidiyon ya kai kusan minti arba'in. Hotunan na Turawa ne, wani ya ɗora musu murya da Hausa, da wani kiɗa a ƙasa mai sa gaba ta faɗi. Ba sunan mai magana, ba sunan littafi ko guda da ya ce ya ɗauko daga ciki. Wanda ya san irin waɗannan zai gane jikan The Arrivals ne, jerin bidiyon nan da ya fito wajen 2008 kan Dujal da ƙungiyoyin asiri, wanda muka sha fama da shi tun zamanin faifan sidi. Abin da wannan yake cewa a taƙaice: harin da aka kai Amurka ranar Talata 11 ga Satumba 2001 ba harin ta'addanci ba ne, tsafi ne. Wai ƴan ƙungiyar Masuniyya, waɗanda ƴan boko ke ce wa Freemason, su da Iluminati, sun gina benayen nan biyu na New York tun farko don su zama ginshiƙan haikalin Annabi Sulaimana, sannan suka rushe su da mutane a ciki a matsayin hadaya, don share wa Dujal hanya. Hujjarsa lambobi ne da alamomi, daga ƙarshe kuma ya jawo aya.

Gaskiya ɗaya ce, mutumin ya iya baki. Kuma ba duk abin da ya faɗa ne ƙarya ba, nan ne ma haɗarin yake. Ya ce an fara ginin ma'aikatar tsaron Amurka, Pentagon, ranar 11 ga Satumba 1941: haka ne. Ya ce Bush uba ya yi jawabi kan sabon tsarin duniya ranar 11 ga Satumba 1990: haka ne. Zafin da yake ji kan abin da aka yi wa Iraƙi da Afganistan kuwa, ni ma ina jin sa. Amma ana iya ɗaukar tubali na gaske a gina ɗaki a kan iska.

Mu fara da lambar 11, tunda a kanta ya fi daɗewa. Ya ce 9 da 1 da 1 sun ba da 11. Ranar ita ce ta 254 a shekara, 2 da 5 da 4 sun ba da 11. Jirgin farko lambarsa 11, mutum 92 ne a cikinsa, 9 da 2 sun ba da 11. New York ita ce jiha ta 11 da ta shiga tarayyar Amurka. Benayen kansu, in ka hango su daga nesa, kamar an rubuta 11. Na bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, lissafin daidai yake. To amma ina sauran? Jirage huɗu aka sace. Maharan su 19 ne. Jirgin da ya daki bene na biyu lambarsa 175, wanda ya faɗi a wani fili a Pennsylvania lambarsa 93. Shekarar 2001 in ka tara ta 3 za ta ba ka. Jirgin farko ya daki bene da ƙarfe 8:46 na safe. Duk waɗannan bai ko waiwaye su ba, don ba su ba da abin da yake nema ba. Inda tarawa ta yi masa, ya tara. Inda ba ta yi ba, ya ninka. Inda duka suka ƙi, ya yi shiru ya wuce.

Ran Asabar na gwada wani abu da ƴan ajinmu. Na ce su manta da 11, su nemo mini 8 a cikin wannan rana. Kafin shayi ya huce sun kawo: an fara harin cikin ƙarfe 8, jirgi mai lamba 93 mutum 44 ne a ciki, 4 da 4 takwas, jirage huɗu kowanne da matuƙa biyu, takwas, kalmar Pentagon harafi takwas, Bin Laden da boko harafi takwas. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya ya ce, "Malam, ashe mu ma za mu iya buɗe namu bidiyon." Za su iya mana. Al'amari babba yana ɗauke da lambobi dubbai, na jirage da na sa'o'i da na mutane da na hawa. Duk lambar da ka ƙudurta a ranka, in ka shiga wannan kasuwa za ka same ta a kasa.

Sannan wa ya ce da kalandar Nasara ake auna gaibu? Kalandar da ake aiki da ita yau Paparoma Gregori ne ya gyara ta a 1582. Sunan Satumba kansa daga kalmar bakwai yake a Latin, wanda ya yi lakwal zai ji ta a cikin faransanci, don a tsohon lissafin Rumawa shi ne wata na bakwai. Amurkawa ne ke fara rubuta wata kafin rana. Mu nan 11/9 muke rubutawa, ba 9/11 ba. A lissafin Hijira kuwa, ranar ta faɗo ne a watan Jimada Sani na shekarar 1422, kwana ashirin da ƴan kai. Nemo 11 a nan. Haka ya ce sunan Afganistan harafi 11 ne. Da rubutun Turanci, i. Da Larabci tara ne, da rubutunmu na Hausa goma. Wannan wane irin asiri ne da ba ya aiki sai da harshen mutum ɗaya?

Akwai ƙananan wasanni biyu da ba zan ɓata tawada a kansu ba. Ɗaya shi ne wai in ka rubuta Q33 NY a kwamfuta ka juya shi zuwa wani salon rubutu na hotuna, za ka ga jirgi da benaye da ƙoƙon kai, wai kuma lambar jirgin ke nan. Ba jirgi ko ɗaya cikin huɗun mai wannan lamba. 11 ne da 175 da 77 da 93. Na biyu shi ne naɗe takardar dalar Amurka ashirin har ta yi kama da bene mai hayaƙi. Ba ni jika guda ta sefa da rabin sa'a, in naɗe maka ita ta yi kama da raƙumi.

Maganar ginshiƙai ita ce ta fi damuna, don ta taɓa Annabi. Gaskiya ne a littafin da ke hannun Yahudu da Nasara, Sarakuna na Farko babi na 7, an ambaci ginshiƙai biyu na tagulla a ƙofar haikalin da Sulaimana ya gina, masu suna Yakin da Bo'aza, kowanne tsawon kamu 18. Sojojin Bukhtanassar na Babila suka farfasa su lokacin da suka ci Baitul Muƙaddas, ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa. Gaskiya ne kuma ƴan Masuniyya, waɗanda suka kafa babbar majalisarsu a Landan a 1717, suna amfani da hoton waɗannan ginshiƙai a ɗakunan taronsu. Iluminati ma ta taɓa wanzuwa: wani malamin jami'a, Adam Weishaupt, ya kafa ta a Bavariya ta ƙasar Jamus a 1776, hukuma ta haramta ta kafin ta cika shekara goma. Duk wannan tarihi ne. Abin da babu shi ne gada tsakanin wannan tarihi da benayen New York. Gadar da mai bidiyo ya kawo ita ce: can biyu, nan biyu. Shi ke nan. To hasumiyoyin masallatai nawa ne masu zuwa bibbiyu? Benayen Petronas na Kuala Lumpur, a ƙasar Musulmi, tagwaye ne masu hawa 88, su ma na tsafi ne? Ban da haka ma, cibiyar kasuwancin nan gine-gine bakwai ce, ba biyu ba, kuma a yammacin ranar gini na uku mai hawa 47 shi ma ya zube. Ginshiƙi na uku kuma sunansa wa?

Wanda ya zana benayen sananne ne, Minoru Yamasaki, Ba'amurke ɗan asalin Japan, kuma shi ne ya zana ginin tashar jirgin sama ta Zahran a Saudiyya kafin nan. Masu ginin hukumar tashoshin jiragen ruwa ce ta New York da New Jersey, abin da suke so ofisoshi masu yawa a fili ƙarami, aka buɗe su a 1973. Pentagon kuma, da ya ce tauraron matsafa ce mai kusurwa biyar, an zana ta haka ne don filin farko da aka so a gina ta hanyoyi ne suka kewaye shi ta ɓangare biyar. Da aka sake fili sai aka bar zanen yadda yake. Labari ne mai gundura, na sani. Yawancin gaskiya haka take.

Amma ku lura da abin da yake yi wa zukatan yara. Minti bayan minti yana haɗa sunan Sulaimana, alaihis salam, da tsafi da aljanu da hadayar jini, ana nuna hoton haikali ana kaɗa ganga. Ko sau ɗaya bai tsaya ya ce Alƙur'ani ya wanke Sulaimana ba. Aya ta 102 a Baƙara, a ƙirgar Hafsu, ta sauka ne don kore wannan ƙazafi: Annabin Allah bai kafirta ba, shaiɗanu ne suka kafirta suna koya wa mutane sihiri. Yaron da ya tashi daga kallon nan, in ka ce masa Sulaimana, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ido ɗaya a kan dala.

Sai kuma ayar da ya rufe da ita. Ya ce Suratut Tauba ita ce ta 9, tana cikin juzu'i na 11, kuma aya ta 110 tana magana kan gini da aka kafa a gaɓar rami mai zaftarewa ya rufta da mai shi, benayen kuwa hawa 110 ne. Har ya ƙara da cewa kalmomi biyu na ayar sunan titin da benayen suke ne. Wannan na ƙarshe ƙarya ce tsagwaronta. Titunan da suka kewaye wurin sunayensu Liberty da Church da Vesey da West. Na farkon kuwa yana buƙatar a zauna.

Ɗauko mus'hafi biyu. A na Hafsu, bugun Madina da alhazai ke kawo mana, wannan aya ita ce ta 109, surar kuma aya 129 ce. A na Warshu mai lambobi, da ke bin ƙirgar mutanen Madina, surar aya 130 ce, don sun tsaya a wani wuri a tsakiyarta da mutanen Kufa ba su tsaya ba, saboda haka ayar ta zama ta 110. Ba zan ɓoye ba, a namu na Warshu ta faɗo a 110. To sai me? Ke nan mu'ujizar tana aiki a hannun almajirin Damagaram, ba ta aiki a hannun almajirin Alƙahira? Kuma mu da muka yi tsangaya mun san Alƙur'anin hannu da alarammominmu ke rubutawa ba shi da lambar aya ko ɗaya, alamomi ne kawai na ƙarshen aya da na biyar da na goma. Mu izu muke ƙirgawa, sittin, ba juzu'i talatin ba. A wurinmu ayar tana izu na 21. Rabon juzu'i da izu tsari ne da malamai suka yi daga baya don sauƙaƙa karatu da hadda, ba da shi Jibrilu ya sauko ba. Ya kuma ce daga farkon sura zuwa ayar kalma 2001 ce, bai faɗi yadda ya ƙirga ba, alhali duk wanda ya taɓa ƙirga kalmomin Larabci ya san amsar tana sauyawa gwargwadon yadda ka ɗauki haruffan da ke manne da kalma.

Ayar kuwa ba marainiya ba ce, tana da sababi, kowane tafsiri ya kawo shi. Masallacin Dirari ne, wanda munafukai suka gina kusa da Ƙuba a shekara ta 9 bayan Hijira, lokacin yaƙin Tabuka, don raba kan muminai da kuma tanadar wa Abu Amir mafaka. Suka nemi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi musu salla a ciki, Allah ya hana shi, aka rushe shi. Ayoyi huɗu ne a jere, suna kwatanta wanda ya kafa gininsa kan taƙawa da wanda ya kafa kan ha'inci. Darasi ne da ya fi shafar irinmu, masu kwamitin masallaci, fiye da kowa a New York. An ɗauke shi daga kanmu an kai shi inda ba zai dame mu ba.

Kuma ka duba inda maganar take kaiwa. Ayar ta ce ginin ya rufta da mai shi cikin wutar Jahannama. In ka ce benayen ake nufi, ka yanke wa mutum 2,977 hukunci ke nan, ƴan ƙasashe sama da 90, har da ƴan Afirka ta yamma da suka je neman abinci suna aiki a ɗakin cin abincin da ke ƙololuwar bene, har da Musulmi masu salla. Akwai wani saurayi, Muhammad Salman Hamdani, ɗan shekara 23, haifaffen Pakistan, wanda ya koyi aikin agajin gaggawa. Ya hango hayaƙi yana kan hanyar zuwa aiki, ya nufi wurin don ya taimaka. Da ya ɓace har zarginsa aka yi da hannu a harin. Daga baya aka tono gawarsa a ƙarƙashin ɓaraguzai. Wa ya ba mai bidiyo makullin wuta da zai jefa wannan a ciki? Ga kuma tufka da warwara: rabin farko ya ce hadaya ce ga Shaiɗan da matsafa suka shirya, rabin ƙarshe ya ce azaba ce da Allah ya ambata a Littafinsa. Wanne ne? A fada ma ina jin irin haka, mutum ɗaya a zama ɗaya ya ce Usama gwarzo ne da ya girgiza Amurka, kafin a zuba shayi na biyu ya ce ai ba shi ya yi ba, Yahudawa ne. Zancen wai Yahudawa 4,000 ba su je aiki ranar ba shi ma yana cikin bidiyon. Jerin sunayen mamatan a buɗe yake, ɗaruruwan Yahudawa na ciki.

Wasa da lambobi a kan Alƙur'ani ba yau aka fara ba, kuma mun ga inda ya kai wani. Rashad Khalifa, Bamisire mazaunin Amurka, ya fito a shekarun 1970 da cewa duk Alƙur'ani an gina shi kan lamba 19. Mutanen kirki da yawa suka yi murna, suka yaɗa. Da lissafin ya ƙi cika masa, bai ce lissafina ne ba daidai ba; cewa ya yi ayoyi biyu na ƙarshen wannan sura ta Tauba ba Alƙur'ani ba ne. Daga nan ya tsayar da shekarar tashin duniya, daga nan ya ce shi manzo ne.

Manzon Allah kuwa an ba shi damar irin wannan a tafin hannu, ya ƙi. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu aka yi husufin rana a Madina, mutane suka ce don mutuwar yaron ne. Uba ne mai baƙin ciki, kuma zancen ɗaukaka shi yake yi. Sai ya tashi ya gaya musu rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Buhari da Muslim duk sun ruwaito. Abu biyu sun faɗo rana guda, ya ce arashi ne, ku je ku yi salla. Mai bidiyonmu da yana wurin, da ya samu na minti arba'in.

To wa ya kai harin? Ba a ɓoye yake ba. Mutum 19: 15 ƴan Saudiyya, 2 daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, 1 daga Masar, 1 daga Labanan. An san inda wasunsu suka koyi tuƙin jirgi, an san ta inda kuɗi suka bi. Khalid Shaikh Muhammad ya bayyana wa wani ɗan jaridar Aljazira yadda suka tsara a 2002, kafin a kama shi. Usama bin Laden da bakinsa ya ɗauki alhaki a wani bidiyo da Aljazira ta nuna a ƙarshen Oktoban 2004, ya ce tunanin ya zo masa ne tun ganin yadda aka ruguza benayen Labanan a 1982. Masu irin wannan aƙida sun riga sun tayar da bam a ƙarƙashin benayen nan ranar 26 ga Fabrairu 1993, mutum 6 suka mutu. Ƙungiyarsa ta kai hari ofisoshin jakadancin Amurka a Nairobi da Darussalam ranar 7 ga Agusta 1998, mutum 224 suka mutu, mafi yawansu ƴan Afirka masu wucewa da masu aiki. Ba wanda ya yi wa waɗannan ranaku lissafin tsafi, don ba su ba da 11 ba. Manyan malamai kuwa, Shaihul Azhar na lokacin da Muftin Saudiyya da Shaikh Ƙardawi, duk sun yi tir da harin na 2001 tun a kwanakin farko.

Na san abin da ke zuciyar samarinmu, kuma ba mugun abu ba ne. Suna cewa Musulmi ba zai yi haka ba. Ina ma. Wanda ya sari Sayyidina Ali a Kufa a shekara ta 40 yana kan hanyar sallar asuba, makarancin Alƙur'ani ne, yana ganin lada yake nema. Annabi ya siffanta mana Hawarijawa da yawan salla da azumi da karatun da ba ya wuce maƙogwaro. Mu kuma da muka binne sojoji 71 na Inates a Disamban 2019 da 89 na Shinagodar wata guda bayan nan, muka ga mutanen Bosso da Diffa suna gudu da tabarmi a ka, ba mu da hurumin cewa ba mu san wannan cuta ba. In kowane hari aikin matsafan ƙetare ne, to ba sauran dalilin da zai sa uba ya duba wa ɗansa yake saurare a waya, ko malami ya zauna ya warware shubuhar kafirta Musulmi. Akwai kuma ɓangaren tauhidi. Ƙungiyar da bidiyon ke siffantawa ta san abin da zai faru shekara sittin gaba, ba ta kuskure, ba abin da ke motsi sai da izininta, kowace alama a duniya tata ce. Ku sake karanta wannan jimla ku gaya mini siffofin wa aka ba ta. Dujal gaskiya ne, hadisansa ingantattu ne, muna neman tsari daga fitinarsa a kowace tahiya. Mutum ne mai ido ɗaya da zai fito a lokacinsa. Ba tambarin kamfani ba ne.

Kada wani ya ce Malam yana wanke Amurka. Manyan ƙasashe suna ƙarya, kuma mu ƴan Nijar mun fi kowa sani, don da sunanmu aka yi wata. A watan Janairun 2003 Bush ɗa ya tsaya gaban majalisarsu ya ce Iraƙi ta nemi yuraniyom daga Afirka, kuma kowa ya san ƙasarmu ake nufi. Akwai wasu takardu da aka yi yawo da su, wai yarjejeniyar sayar wa Saddam tan 500. Tsohon jakada Joseph Wilson ya riga ya zo Yamai a Fabrairun 2002 ya bincika, ya koma ya ce abin da wuya. Da takardun suka isa hannun hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ba su daɗe ba suka gano na jabu ne, Muhammad al-Baradi'i ya faɗa wa Kwamitin Sulhu haka ranar 7 ga Maris 2003. Ta yaya aka gane? Ɗaya daga cikin wasiƙun, mai kwanan watan shekarar 2000, tana ɗauke da sunan ministan harkokin waje wanda ya bar kujerar tun 1989. An duba suna, an duba kwanan wata, an tambayi wa ke ofis a lokacin. Duk da haka aka shiga yaƙi bayan mako biyu, aka hallaka bayin Allah masu ɗimbin yawa. Wannan makirci ne na gaske, mai takarda da sa hannu, kuma ba da naɗe kuɗi ko tara lambobi aka tona shi ba. Bidiyon minti arba'in bai ba shi ko daƙiƙa ɗaya ba.

Aikin da aka yi wa waɗancan takardu, aikin malamanmu na hadisi ne tun ƙarni na biyu: wa ya faɗa maka, a ina ya ji, yana raye lokacin, sun haɗu? Ibnu Khaldun ma a Muƙaddima ya kama Mas'udi da ya ruwaito cewa rundunar Banu Isra'ila zamanin Musa ta kai mayaƙa 600,000. Ya auna da faɗin ƙasar, da yawan kakannin da ke tsakanin Yaƙubu da Musa, da rundunar Farisa a Ƙadisiyya, ya ce ba za ta saɓu ba. Mu ne magadan wannan. Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike in fasiƙi ya zo da labari. Wannan kuwa ko fasiƙi ne ko adali ba mu sani ba, murya ce kawai da kiɗa. A ƙarshen bidiyon ya ce wanda bai tura wa mutum goma ba zai amsa tambaya ranar gobe. Imamu Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗar duk abin da ya ji, kuma ban ga an cire mai danna waya daga ciki ba.

Shawarar da na ba kwamiti ita ce kada a haska shi a harabar masallaci, kuma sun amince. Wanda ke tsaye a harabar nan yana ɗauka abin da aka nuna masa Liman ya sa masa albarka. Amma ban so a kori samarin hannu wofi ba, don da neman sani suka zo, ba da fitina ba. Daren Juma'a mai zuwa bayan lisha, in Allah ya kai mu, za mu zauna a ajin karatun dare mu karanta ƙissar Masallacin Dirari daga Ibnu Kasir da Jalalaini. Zan zo da mus'hafin Hafsu da na Warshu, Alaramma kuma ya yi alkawarin kawo na hannu da mahaifinsa ya rubuta. Wanda yake da bidiyon a wayarsa ya zo da shi, za mu tsayar da shi duk inda yake so, mu duba tare. Majigin ma a kawo, akwai taswirar Madina da Tabuka da nake so a gani.

Allah ne mafi sani.